Ka yi odar kaya a intanet ya zo bai yi maka ba: yadda ake mayar da shi a karɓo kuɗi

Ana saura kwana shida ɗaurin auren ƙanina takalmin da na yi oda ya iso. Sau-ciki ne baƙi, a hoto kam sai ka rantse daga Italiya aka sauke shi, na ce wa mai kayan lamba 43 nake sawa ya ce akwai, na tura kuɗi har da na mota. Da na je tasha na karɓo, a jikin kwali an rubuta 43, a ƙasan takalmin ma 43, amma ina zura ƙafa sai dunduniya ta tsaya a waje kamar na ari takalmin ɗana. Na kira shi, abu na farko da ya fito daga bakinsa shi ne, yallaɓai ai ka ga abin da na rubuta a shafina, kaya in ya fita ya fita.

Kuɗina sun dawo daga baya, kuma ba faɗa ne ya dawo da su ba, wani ɗan saƙo ne guda ɗaya da na tura masa tun kafin in biya wanda ni kaina na manta da shi, inda na rubuta cewa tsawon ƙafata santimita 27 da rabi ne, shi kuma ya amsa da "zai yi maka cif". Da na sa tef a cikin takalmin 26 na gani. Tun daga ranar na gane cewa rigimar mayar da kaya tun kafin a tura kuɗi ake cin ta ko a faɗi, don haka wannan jagorar daga can za ta fara, amma bari mu fara raba wani abu tukuna.

Kuskuren waye?

"Bai yi min ba" magana ce ɗaya amma gida uku take, kuma haƙƙinka ya danganta da gidan da ka faɗa.

Akwai wanda ya yi odar lamba 56 aka kawo masa 52, ko ya ce XL aka turo M. Wannan ba ya buƙatar dogon turanci, ba abin da ka saya aka kawo ba. Akwai kuma irin nawa, lambar da ke jiki daidai ce amma awon kayan bai kai abin da aka yi alkawari ba, ko dai jadawalin awo da suka saka a shafin ya ce ƙirji inci 44 ka auna ka ga 40, ko kuma kai ka faɗi awonka mai kayan ya zaɓa maka da kansa ya ce zai yi. Nan ma gaskiya tana hannunka, sai dai sai ka nuna hujja. Na uku shi ne wanda ya duba, ya zaɓi lambar da kansa ba tare da ya tambayi kowa ba, aka kawo masa daidai abin da ya zaɓa, awo ya yi daidai da jadawali, sai dai jikin ne ya ƙi, wataƙila an ɗan ƙara ƙiba bayan azumi. To wannan, in faɗa maka gaskiya, doka ba ta tsaya masa sosai ba, abin da ya rage masa shi ne ƙa'idar shagon da kuma kirkin mai kaya.

Yawancin hayaniyar da ake yi a WhatsApp daga nan take tashi, mai saye yana gida na uku yana magana kamar yana na ɗaya, ko mai kaya ya san sarai kuskurensa ne amma ya maƙale wa "ba a dawo da kaya".

Abin da doka ta ce a Najeriya

Dokar da ake magana a kai ita ce ta gasa a kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar hukumar CPC. Ba sai ka haddace ta ba, sashe uku zuwa huɗu sun ishe ka.

Sashe na 122 shi ne namu. Ya ce mai saye zai iya mayar da kaya a ba shi kuɗinsa cikakke a hali biyu. Na farko, in ya sanar da mai kaya takamaiman abin da yake son kayan ya yi masa, sai bayan an kawo aka ga bai dace da wannan buƙatar ba. Na biyu, in kaya ne da bai samu damar dubawa ba kafin a kawo masa, sai ya ƙi karɓa saboda bai yi daidai da yadda aka siffanta shi ba, ko samfurin da aka nuna, ko irin nau'i da ingancin da aka yi ciniki a kai. Ka ga wannan na biyun kamar don masu odar intanet aka rubuta shi, don wa ya taɓa gwada riga ta cikin waya? Amma ka lura, duka biyun an ɗaure su da lokaci, dokar ba ta ce kwana kaza ba, cewa ta yi cikin lokacin da hankali zai ɗauka bayan an kawo. Wanda ya yi magana ranar da kaya ya iso da wanda ya ajiye a wadirob sai bayan wata biyu ya tuna, ba ɗaya suke ba.

Sashe na 131 da 132 kuma na kayan da ke da aibi ne, misali zif ya tsinke tun sawar farko, ɗinki ya warware, tafin takalmi ya ɓalle. Nan an ba ka wata uku daga ranar da aka kawo ka mayar, kuma ɗawainiyar mayarwar a kan mai kaya take, ko ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Sai sashe na 129 wanda ya hana mai kaya ya kafa sharaɗin da zai ƙwace maka haƙƙin da dokar ta ba ka. Shi ya sa wannan rubutun na "ba a mayar da kuɗi bayan an biya" da ake mannawa a saman shafi ko ƙasan rasit ba ya goge sashe na 122, ita FCCPC ma ta sha faɗa a bainar jama'a cewa irin wannan sharaɗin ba ya kan doka. Abin da rubutun zai iya yi kawai shi ne ya tsare mai kaya daga mutumin gida na uku.

Kuma ba wani baƙon abu ba ne a wajenmu fa. Malaman Malikiyya tun tuni suka halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki ta hanyar siffantawa, da sharaɗin in ya zo bai yi daidai da siffar ba mai saye yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar. Wani lokacin tuna wa mai kaya wannan ya fi saurin shiga kunnensa a kan lambar sashe.

Mataki na farko, kafin ka tura ko sisi

Ka nemi tef ɗin tela, ba tsada gare shi ba, ka ajiye a gida. Ka daina dogara da harafi, S da M da L da XL ba awo ba ne, kowane kamfani da nasa, XL ɗin da ake ɗinkawa don kasuwar Chana sau da yawa bai wuce M ko L na Turai ba, su kuma namu kasuwannin duka biyun suna shigowa a haɗe. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauko rigar da take yi maka daidai ka shimfiɗa a kan gado ka auna daga hammata zuwa hammata, kafaɗa, tsawon hannu, tsawon riga, ka rubuta a waya. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ka tabbatar da wanne jadawalin yake magana, an sha samun wanda ya ga 100 ya rikice ashe santimita ne na zagayen ƙirji.

Abaya da jallabiya nasu daban ne, lambobin nan 52, 54, 56, 58, 60 tsawo ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba su ce komai a kan faɗi ba. Mata da yawa a nan suke faɗawa, ki yi odar 56 tsawon ya yi miki ɗas amma hannu ya matse ko ƙirji ya ƙi shiga, mai kaya kuma ta ce ai 56 kika ce 56 na turo. Don haka ki tambayi faɗin ƙirji da zagayen hannu daban. Hula kuma zagayen kai ne da inci, 22 ko 22 da rabi ko 23, rabin inci ɗin nan shi ne bambancin hular da ta zauna da wadda take sa ciwon kai kafin a idar da sallar Juma'a. Takalmi ka taka farar takarda da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka zana, ka auna daga dunduniya zuwa babban yatsa, don 42 na Turai wajen 8 ne na Ingila, na Amurka kuma wata lambar ce daban, santimita ne kawai ba ya ƙarya.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi riƙewa. Awon nan ka rubuta wa mai kaya shi a rubuce, ba a kira ba, ba kuma a saƙon murya kaɗai ba, sannan ka sa shi ya amsa. Kamar haka: "Hajiya barka da yamma, wannan abayar nake so, tsawona inci 56, ƙirji 42, don Allah ki auna min ita da tef ki turo hoto, in ba za ta yi ba ki faɗa min." In ta ce za ta yi, shi kenan kin shiga ƙarƙashin sashe na 122, kin sanar da buƙatarki ita kuma ta amince. Sai tambaya ta biyu a nan take, "in ta zo ba ta yi ba ana canzawa ko ana mayar da kuɗi, cikin kwana nawa, kuma wa zai biya kuɗin mota?" Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Wanda ya fara kwana-kwana ko ya ce haba ai ba ma haka da ke, to kin ga amsa tun kuɗinki na aljihu.

Ka ɗauki sikirinshot na komai, hoton kayan, farashi, jadawalin awo, hirarku, sunan asusun da aka ba ka. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, saƙo kuma ana iya goge shi daga ɓangarorin biyu.

Wurin saye ma ya kamata ka san irinsa. Manyan shaguna irin Jumia da Konga kuɗin ta hannunsu yake bi, suna da rubutacciyar ƙa'idar mayar da kaya, an daɗe ana sanin kwana 7 ne ga yawancin kaya, amma ka karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin shi wannan kayan da kake saye ranar da kake saye don ƙa'ida tana canzawa kuma ba kowane kaya ta shafa ba. Irin su Jiji da kasuwar Facebook kuwa allon talla ne, haɗa ku kawai suke, cinikin tsakaninka da mutumin ne, shi ya sa a irin nan in gari ɗaya kuke gara ku haɗu ka gwada kafin ka biya. Masu Instagram da TikTok da WhatsApp ma haka, babu wani na tsakiya da ke riƙe kuɗin. In akwai damar biya bayan an kawo ka zaɓe ta ko da za a ƙara maka ɗan wani abu.

Mataki na biyu, ranar da kaya ya iso

Kar ka yage ledar da zumuɗi. Ka kunna kyamara, ka nuna ƙunshin a rufe da sunanka a jiki, ka buɗe ba tare da ka yanke bidiyon ba, ka nuna tag da lambar, sannan ka shimfiɗa kayan ka ɗora tef a kai yadda lambobin za su fito. Minti biyu ne. Wannan bidiyon shi ke kashe maganar "ba shi na turo ba" ko "ke kika ɓata".

Gwaji kuma a yi shi da hankali. A gwada a cikin ɗaki, jiki ba turare, ba a gama shafa hoda ba, ba kusa da kaskon turaren wuta ba don in ƙamshi ya kama yadi ba mai yarda ba a sa ba. Takalmi a kan kafet ko tabarma, da safa, kar tafin ya taɓa ƙasa. Kar a cire tag, kar a wanke, kar a yar da kwali ko leda, kuma don Allah kar a kai wa tela ya "ɗan rage" sannan a zo ana neman mayarwa, almakashi na taɓa shi ya zama naka.

Sai wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Ƙanwata tana sayar da dogayen riguna daga gida, na ga yadda ake mata, a karɓi riga ranar Alhamis a je dina ranar Asabar a yi hotuna har a ɗora, Litinin a dawo da ita wai ta yi kaɗan, wuyan duk hoda. Irin waɗannan su suka sa masu kaya suka taurare har mai gaskiya yake shan wahala. In ka sa ka fita da shi, magana ta ƙare.

In ɗan dilibari ne ya kawo har gida kuma an yarda ka duba a gabansa, ka duba, in ba daidai ba ne ka ƙi karɓa a nan take ka kira mai kaya yana tsaye. Amma kar ka huce a kan yaron, shi aike aka ba shi, bai san me ke cikin ledar ba. Direban tasha ma haka.

Mataki na uku, neman mayarwa

A ranar za ka yi magana, ba gobe ba. In a manhaja ka saya, ta cikin manhajar za ka bi, ka shiga jerin odarka ka danna neman mayar da kaya ka zaɓi dalili, kuma nan a kula, dalilin da ka zaɓa shi ke yanke wa zai ɗauki asara. In kuskurensu ne ka zaɓi "ba abin da na yi oda ba ne" ko "bai yi daidai da bayani ba" ka ɗora hoton tef ɗin, kar ka danna "na canza ra'ayi" don kawai shi ne a sama. In kuma kai ka zaɓi lambar da ba taka ba ka faɗi gaskiya, akan duba kayan in ya koma, kuma shaguna da yawa suna karɓar wannan dalilin ma matuƙar tag na jiki. In wani mai shago a cikin manhajar ya ce ka rufe ƙorafin ku dawo WhatsApp ku sasanta, kar ka yarda, kana rufewa kwanakin su ƙare ka rasa inuwar da kake ciki.

In mutum ne kai tsaye, saƙo ɗaya mai tsabta ya fi kira goma. Ga irin wanda na tura: "Salamu alaikum Alhaji, saƙo ya iso yau na gode. Sai dai takalmin bai shiga ba, na faɗa maka ƙafata 27 da rabi ka ce zai yi, ga hoton hirar, ga kuma awon cikinsa 26. Ban taka ƙasa da shi ba, yana cikin kwalinsa. Ko dai a canza min da wanda ya kai awon kafin Alhamis, ko a mayar min da kuɗina, wanne ya fi maka sauƙi?" Ka ga babu zagi, babu Allah ya isa, akwai hujja, akwai abin da nake so, akwai rana. Mutum in ka bar masa ƙofar fita da mutuncinsa ya fi saurin bi ta nan. In ya kawo maganar ba a dawo da kaya, sai ka ce masa cikin ruwan sanyi wannan sharaɗin yana aiki ne in an kawo wa mutum abin da ya saya, ni kuwa ba shi aka kawo min ba.

Kuɗin mota shi ne inda ake yawan cijewa. A ganina in kuskuren mai kaya ne shi ya kamata ya ɗauki zuwa da dawowa, in naka ne kai za ka ɗauka ba gardama. Amma ka yi lissafi, wani lokacin raba kuɗin motar biyu ya fi maka arha a kan sati uku kana bin mutum, ni dai na yarda na biya na komawa don ɗaurin aure na matsowa. Lokacin mayarwa ka sake ɗaukar bidiyo kana naɗewa, ka karɓi rasit ko lambar bin sawu in kamfanin aike ne, in tasha ce ka ɗauki lambar direba da lambar mota ka tura wa mai kayan a rubuce, kuma ku yi magana tun kafin ya tashi cewa kuɗi zai shigo da zarar kaya ya isa hannunsa.

Wata dabara da ake yi ita ce a ce ba za a ba ka kuɗi ba sai dai ka zaɓi wani kayan, ko a zuba maka a walat ɗin manhaja ko a ba ka bauca. In kana so ka karɓa ba laifi, sau da yawa ma ya fi sauri. Amma in kuskuren nasu ne ba dole ba ne, sashe na 122 mayar da abin da ka biya ya ce. In kuskurenka ne kuwa aka ce ka zaɓi wani abu, karɓi ka yi godiya.

Akwai kayan da kusan ko'ina ba a karɓa in sun fita, kamfai da rigar mama da sauran kayan ciki, ɗan kunne, kayan kwalliyar da aka buɗe, yadin da aka yanka maka daga bandir, da kayan da aka ɗinka da awonka. Wannan na ƙarshen da ɗan bayani, in ka ba da awo aka ɗinka daidai awon to naka ne, in kuma tela ya kauce wa awon da ka rubuta masa gyara ko sakewa a kansa yake.

Mataki na huɗu, in ya ƙi ko ya yi bulokin ɗinka

Ka tura saƙo na ƙarshe ka ba shi wa'adi, kwana uku ko bakwai, ka ce bayan nan za ka kai ƙorafi. In yana da shago a kasuwa, misali a Kwari ko Sabon Gari ko Wambai, kar ka raina shugabannin layi da ƙungiyar 'yan kasuwa, sau tari zama ɗaya a ofishinsu yana gama abin da wata guda na saƙonni bai gama ba, ɗan kasuwa ba ya son a kira sunansa a gaban maƙwabtan shago.

Daga nan sai hukuma. FCCPC tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet kuma ba a biyan kuɗi, za ka sa bayananka da na mai kaya, ka faɗi abin da ya faru a taƙaice, ka ɗora rasit ko shaidar tiransifa da hotunan nan da ka tara, ka faɗi abin da kake nema. Wasu jihohi ma suna da tasu hukumar, Kano tana da hukumar kare haƙƙin masu saye, Legas tana da LASCOPA. Ka sa a ranka ba abu ne na kwana biyu ba, kuma ya fi tasiri a kan mai kamfani ko shago da ake iya samu fiye da wanda ba a san ko ɗakinsa ba. Dokar a sashe na 146 ta kuma bar maka ƙofar kotu kai tsaye, kuma akwai kotun ƙananan da'awa a jihohi irin su Legas da Kano wadda aka tsara don mutum ya iya tsayawa da kansa ba lauya. Sai dai fa a duba girman kuɗin, ba a kai hular dubu biyar kotu.

Maganar banki kuma, in da kati ka biya a shafin shago za ka iya zuwa bankinka ka shigar da ƙorafi a kan cinikin da hujjojinka su bi ta hanyarsu. In tiransifa ka yi da hannunka zuwa asusun mutum, banki ba ya ciro kuɗi daga asusun wani haka kawai don riga ta matse. Kuma kar wani ya zuga ka ka je ka ce damfara ce ko kuskuren tura kuɗi ne alhali ciniki ne ya lalace, in aka bincika kai za ka koma mai laifi. Damfara ita ce an karɓi kuɗi ba a turo komai ba an kashe waya, wannan kam sai banki da 'yan sanda.

Fallasa a soshiyal midiya ita mutane suka fi gudu gare ta, kuma ba na musun tana aiki wani lokaci. Amma in za ka yi ka tsaya kan abin da ya faru da hujjarsa, ban da ɓarawo ban da macuciya, ban da ɗora hoton iyalin mutum ko adireshin gidansa, don an sha ganin mai neman dubu goma sha biyar ya ƙare yana amsa tambayoyi a ofishin 'yan sanda kan ɓata suna.

Kayan da aka yo oda daga waje

Masu saye a AliExpress da Temu da Shein, a nan ƙa'idar manhajar ce kusan komai naka, don ba ka da yadda za ka kamo mai shago a birnin Guwanzu na Chana. Kowacce tana da adadin kwanakin buɗe ƙorafi, yana rubuce a jikin odar, ka duba ranar da kaya ya iso kar ka bari ya wuce, kuma kar ka danna cewa komai lafiya kafin ka auna. Hoton tef a kan riga kusa da sikirinshot na jadawalinsu shi ne hujjar da ta fi ci. Sau da yawa kuɗin mayar da kaya Chana ya fi kuɗin kayan, shi ya sa neman a mayar maka da wani kaso ka riƙe kayan yakan fi ma'ana. In kuwa ta hannun ejan ka yi, irin masu haɗa oda daga 1688, shafin sari na Chana, su auno a kilo, to ka sani kafin kaya ya iso Kano kwanakin mayarwa na can sun daɗe da wucewa, abin da kuka rubuta kai da ejan ɗin shi kaɗai ne abin riƙonka, don haka ka ce a auna a turo maka hoto tun kayan na sito a can.

'Yan uwa da ke zaune a Ingila ko ƙasashen Tarayyar Turai su nasu da sauƙi, doka ta ba su kwana 14 daga karɓar kayan da aka saya a intanet su fasa ba tare da sun faɗi dalili ba, ban da irin wanda aka yi musamman don mutum. Shi ya sa za ka ga ɗan uwanka na can ya yi odar lamba biyu ya gwada ya mayar da ɗaya. Amma in shi ya saya maka ya ba wani matafiyi ya taho da shi bayan wata guda, kwana 14 ɗin sun tafi.

In kai ne ka yi kuskuren

To sai a sauke murya. Ka duba ko ƙa'idar shagon ta yarda da canji, da yawa suna yarda in tag na nan kuma ka biya kuɗin mota. In mutum ne ka roƙe shi a matsayin alfarma, ka ce Hajiya kuskurena ne, ko za a taimaka a canza min da 58 in biya kuɗin aike. Akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yarda ya warware ciniki da Musulmi Allah zai yafe masa tuntuɓensa, 'yan kasuwarmu da yawa sun san shi kuma suna aiki da shi, amma falala ce ake kwaɗaitar da mai kaya, ba bashi ba ne da za ka zo kana karɓa da tsawa.

In bai yiwu ba, babba dai tela na iya rage shi, ƙarami ne matsala, sai dai in akwai rara a cikin ɗinki a buɗe. Takalmin fata da ya ɗan matse a faɗi masu gyaran takalmi suna sa masa ƙafar katako ya kwana biyu ya saki, amma tsawo ba ya ƙaruwa ko me za a yi masa. Saura kuma ka ɗora a sitatus ka rage ɗan wani abu a farashin, ka rubuta awon gaskiya da tef a kai yadda wanda zai saya ba zai faɗa ramin da ka faɗa ba. Nawa takalmin dai ya koma ranar Talata a motar safe, alat ya shigo Laraba da la'asar, ranar ɗaurin auren kuma tsohon sau-cikina na kai aka goge min a bakin masallaci.